Atamfa Mai Fuskar Kanar

Babanmu ya yi aiki a sashen buga zane na wata masaƙa a Kakuri har ranar da aka garƙame ƙofarta, kuma abin da ya fito da shi bai wuce tari da turmin atamfa ɗaya ba. Atamfar koriya ce, an bi ta da fuskar wani shugaban sojan Larabawa, kanar mai baƙin tabarau, wanda ya yi juyin mulki yana saurayi ya ƙi sauka har ya yi furfura. Baba na son mutumin nan kamar tare aka yi musu kaciya. Ya kori sojan Turawa, ya raba gidaje, ya ja ruwa cikin hamada, duk mun haddace tun muna firamare. Ka kuskura ka ce ai yana ɗaure mutane, ranar ba ka da shayi a gidanmu.

Da Yayanmu ya gaji da jan keke napep tsakanin Kakuri da Nasarawa, ya ce zai tafi ƙasar Kanar aikin gini shi da amininsa, ɗan wata mai suyar kifi a Romi da muke kira Mama. Nan take Baba ya fasa turmin, ya sa aka ɗinka masa riga. "Suka gan ka da wannan, ka zama ɗan gida," in ji shi. Umma kuwa tela ce, ba ta zubar da ƙyalle. Ragowar ta ninka ta ƙara wa gindin jakar Yaya ƙarfi, ta rufe da baƙin yadi. Ba ta gaya wa kowa ba, to mene ne abin faɗa?

Sai ga yaƙi, mutanen Kanar sun juya masa baya. Rediyo ya ce 'yan tawaye na tare baƙar fata a hanya wai sojan hayarsa ne, suna farke jakunkuna da wuƙa. Koren ƙyalle kaɗai, launin tutar Kanar, ya isa a sauke mutum daga mota.

Wata safiya Yaya ya kira, murya ƙasa-ƙasa, ya ce za su gudu kan iyaka. Baba ya karɓi wayar ya ce, "Ƙona rigar. Ka ji ni? Ƙona ta yanzu." Layin ya yanke. Ajiyar zuciya muke yi ke nan ludayi ya faɗi daga hannun Umma.

"Innalillahi! Jakar!"

Da ta yi bayani na fizge wayar daga hannun Baba. Na danna kira, wata Balarabiyar kamfanin waya ta amsa da maganarta mai sanyi, wato layin ba ya shiga. Na sake, ita ce dai. Wallahi na tsani muryar matar nan. Kwana da kwanaki ba wanda ya ci abin kirki, Umma ta rame a tsaye. Ni kuma bakina ba ya shiru, na dubi Baba na ce, "Ga ɗan gida nan." Ya ƙara matsa rediyo a kunnensa.

Ran nan bayan azahar baƙuwar lamba ta shigo. Yaya ne, ya haye iyaka, yana wani sansanin 'yan gudun hijira. Muna ihun murna Umma ta fizge wayar.

"Jakar fa? Ina jakar?"

"Wace jaka, Umma? Ai na bar wa abokina ɗan Mama, tasa ta yage. Ni leda na riƙo. Yana motar baya, gobe zai iso."

Umma ta ja mayafi, na bi ta. Muka tari keke zuwa Romi, duk inda ya tsaya ɗaukar fasinja ina ji kamar in shaƙe direban. Muka sami Mama a bakin kasko. Umma ta durƙusa nan cikin toka, gaban masu sayen kifi, ta faɗa mata komai, ba ta rage ba. Mama ta goge hannu a zani, ta miƙo mini wayarta in kira mata ɗanta. Balarabiyar nan ce ta amsa.

"Tashi, maman yara," in ji Mama. "Ɗinki kika yi. Tashi mu yi addu'a."

Kifin ya ƙone a kasko, ba wanda ya kula.

Washegari motar baya ta isa sansanin. An sauke mutum uku a hanya, in ji Yaya, har da ɗan Mama.

Ranar da Yaya ya dawo gida, Mama ta zo barka da kwanon kifi. Ta riƙe hannunsa ta tambaye shi ko ɗanta ya ci abinci kafin ya hau mota. Baba ya tashi ya shiga ɗaki ya ja ƙofa. Keken ɗinkin Umma yana nan a lungu an rufe shi da buhu, tun daga ranar ko maɓalli ba ta sake ɗinkawa ba.