Baba A-Gwada da Katin da Ba Na Sayarwa Ba

Kullum da safe, kafin masu shaguna su gama jan ƙofofinsu, Baba A-Gwada ya riga ya share gaban nasa, ya ɗora tabarau a karan hanci, ya ɗauki ɗan burushin fenti yana bin kanta yana kakkaɓe ƙura. Abin da ke jere a kantar katunan hoto ne na tsofaffin kwamfutoci, wato allunan nan masu ɗan fanka da ake sokawa cikin kwamfuta don su fitar da hoto a fuskarta. Yawancinsu, kamfanonin da suka ƙera su ma sun manta sun taɓa yin su. Maƙwabcinsa mai gyaran waya maƙabarta yake kiran shagon, kuma ba ya wucewa sai ya leƙo.

"Baba, ya mamatan suka kwana?"

"Lafiya lau. Sun ce a gaishe ka, suna jiran wayoyinka su ƙaraso."

Ƙarshen watan nan zai rufe shagon. Ido ya ja baya, hannu ya fara rawa in ya kama ƙaramin noti. Ba za a yi masa liyafa ba, don ba a saba karrama wanda bai taɓa riƙe kujera ba. Shi ya sa na ga ya kamata a faɗi wani abu a kansa tun yana iya ji.

Laƙabin daga bakinsa ya fito. Ka kai masa kati biyu ka tambaye shi wanne ya fi, zai juya su, ya karanta lambobin, ya gaya maka girman ma'adanar kowanne da wutar da yake ci. Kana shirin godiya sai ya ce, "A gwada." Wani mai ɗaukar hoto ya ba ni labarin ranar da ya je da kati biyu na hannu, ɗaya ma'adanarsa ta ninka ta ɗayan, ya riga ya yanke wa kansa hukunci. Baba ya ce masa, "Wannan randa ce babba, amma bakinta ɗan tsukuku. Wancan tulu ne, amma bakinsa a buɗe. Kai ajiyar ruwa kake so ko sha?" Ya soka su ɗaya bayan ɗaya a kwamfuta guda, ya buɗe hotunan mutumin, ba wani gwajin kanti ba. Sai ga shi randar ce ta ci, don hotunan manya ne ƙwarai. Baba ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ka gani ko? Da ka bi bakina da ka yi asara." A zamanin da kowa masani ne, samun wanda zai yi murna don an kayar da ra'ayinsa sai an tona.

Abin da na gani da idona kuwa, a kan ƙanwata ne. Tun rasuwar mijinta, da injin ɗinkin kwalliya take riƙe da 'ya'yanta, kuma wata tsohuwar kwamfuta ce ke sarrafa injin. Ta karɓi aikin bajen rigunan wata makaranta, wato tambarin da ake ɗinkawa a ƙirji, an ce mata in aka koma daga hutu ba ta kawo ba, za a ba wani, kuma ba za a sake nemanta ba. Ana tsakiyar aiki fuskar kwamfutar ta cika da layi-layi, ta yi baƙi. Sabuwar kwamfuta ba ta da amfani a nan, don manhajar injin ba ta yarda da ita. Sababbin katuna kuma ba sa shiga ramin tsohuwar.

Da hantsi na ɗauko mata kwamfutar muka je. Baba ya buɗe, ya shinshina, ya ce katin ya riga mu gidan gaskiya. Ya jawo aljihun tebur, ya kwance wani ɗan kati marar fanka daga cikin ƙyalle, ya soka. Hoto ya fito tas.

"Alhamdulillahi!" in ji ƙanwata.

"Tsaya tukuna, 'yata. Wannan na gwaji ne, ba na sayarwa ba. Shi ne ke gaya mini ko kati ne ya mutu ko kwamfutar. Naki yana kan kanta."

Ya sauko da masu dacewa da ramin. Na farko ƙato ne mai fanka biyu, a takarda ya fi kowa. Da ta buɗe zanen bajen, ya ja wutar da tsohuwar kwamfutar ba ta da ita, komai ya ɗauke.

"Babban mutum ne, gidanki ya yi masa kaɗan," in ji Baba.

Na biyu bai ci wuta ba, amma in ta juya zanen sai ya bi ta a hankali kamar ma'aikacin da bai ga albashi ba, harufa suna kakkaryewa. Na uku manhajar ma ba ta gane shi ba. La'asar ta yi, katunan da ke kan kanta sun ƙare. Ƙanwata tana ta murza bakin mayafinta.

"Yaya, tashi mu tafi," ta ce. "Mun wahalar da Baba."

Baba ya sake kwance ƙyallen nan, ya mayar da ɗan katin gwajin cikin kwamfutar, ya ce ta buɗe aikinta. A lamba shi ne ƙaramin cikinsu. Ta juya zanen, ta faɗaɗa shi, ta canja launin zare, bai ko gezau ba. Sai muka ga ya ɗauki sukundireba yana ɗaure shi a ciki.

Mai gyaran waya, da ya shigo kallo, ya riƙe baki. "Baba! Ni da na yi ta roƙonka shi, ka ce ko ɗanka ba za ka ba ba?"

"Kai ajiye shi za ka yi. Ita aiki za ta ba shi."

"To Baba, kai da me za ka riƙa gwaji?" in ji ƙanwata.

"Na gama gwaji, 'yata. Idon da zai duba ma ya riga ni ajiye aiki."

Ta kai bajen kafin a koma. Makarantar ta ƙara mata da na rigunan wasanni, ni kuma na huta da kiran wayar asuba da take yi mini in damuwa ta hana ta barci.

Baba, kai ne wanda bai taɓa sayar wa mutum lamba a madadin aiki ba. Kai ne ka ɗauki ɗinkin wata bazawara da muhimmancin da wasu ke ba kwangilar gwamnati, har ka miƙa mata abin da sana'arka ta dogara a kai. Mun gode, Allah ya ƙara lafiya, ya ba idon nan hutu mai daɗi. Masu sana'a da ke tasowa, ba a ce ku tara tsofaffin katuna ba. Ku dai koyi cewa "a gwada" kafin ku rantse.

Jiya na bi ta gaban shagon, an fara ɗaure kaya a kwalaye. Mai gyaran waya ya leƙo kamar kullum.

"Baba, ya mamatan?"

"Ɗaya ya tashi," in ji shi. "Har ya sami aiki."