Ranar da Malama Hadiza ta Shiga Kwalekwale

Wata Laraba ce a tsakiyar damina, shekarar da muka shiga aji biyar na sakandare a Guri, Malama Hadiza ta zo mana da wata waƙar Turawa, irin masu ban tsoron nan na kangaye da makabartu. Ta karanta da murya ƙasa-ƙasa, sannan ta fassara: baƙin hadari ya rufe sama, ruwa ya cika fadama, ga wani tsohon gida shi kaɗai a bakin gulbi, kwaɗi na ta kuka. Ta rufe littafi ta ce mu faɗi yanayin da waƙar ta jefa mu. Abokina Garba ya ɗaga hannu ya ce, "Farin ciki, Malama. Bana mutanen nan za su ci shinkafa da kifi." Duk muka gyaɗa kai, domin a ganinmu gaskiya ya faɗa.

Ba laifinmu ba ne, mu yaran fadama cikin ruwa muka tashi. Da hadari ya haɗo, iyayenmu sai hamdala, mu kuma mu tuɓe riguna mu zuba a guje. Kafin makaranta mun duba fatsa, bayan an tashi muna gonar shinkafa muna kaɗa gwangwani muna korar tsuntsaye, in zafi ya dame mu mu faɗa ruwa mu yi ta gasar nutso har idanu su yi jajir. Malama kuwa 'yar garin Malam Madori ce, a tudu ta girma cikin shanu, ko kududdufi ta gani sai ta kewaye. Ga shi shugaban makaranta ya ce in muka faɗi jarrabawar adabi kamar 'yan ajin bara, zai soke darasin, ita kuma a tura ta wani gari. Abin ya dame mu ƙwarai, don muna son ta, ba ta taɓa ɗaga wa kowa bulala ba.

Ta yi ta fama da mu kan bambancin muryar mai waƙa da yanayin da mai sauraro ke shiga, abu ya ƙi zama. Da ta gaji sai ta tambaye mu wurin da mu muke tsoro. Muka ce wani kufai ne da mutanensa suka tashi bayan kacalla ta mamaye shi, doguwar ciyawar nan mai toshe hanyar ruwa. Ta ce ranar Asabar za mu je. Sai a bakin ruwa ta gane ba a zuwa da ƙafa.

Da yake 'yan ajin adabi ba mu da yawa, kwalekwalen Baba Sale masunci ya ɗauke mu. Malama ta shiga tana salati, ta ƙanƙame gefen jirgin da hannu bibbiyu. Baba Sale na tuƙi yana tsokanarta: "Kwantar da hankalinki, 'yata, 'yan ruwan nan ba sa cin malamai, wai ɗaci gare su." Muka yi ta dariya har muka kutsa cikin kacalla. Ciyawar ta fi mu tsayi nesa, iska ta ɗauke, ko tsuntsu ba a ji. Sai ga rusassun katangu, da masallaci babu rufi, da turmi a kife ruwa ya ci rabinsa. Baba Sale ya nuna wani kango yana raha, ya ce ɗakin kakarsa ne, yanzu kwaɗi suka gada. Wannan karon ba wanda ya yi dariya, Garba ma rigata ya riƙe. Malama ta ce, "To, ku ji muryar Baba, wasa yake yi. Ku kuma ji jikinku." Nan take darasin ya shige mu.

Muka ci jarrabawar, Malama ta zauna a Guri, amma ba ta sake shiga kwalekwale ba.

Yau ni ke koyar da darasin nan a Haɗeja. Ɗalibaina a Keke Napep suke zuwa, sun kalli finafinan ban tsoro a waya har sun gaji. Ina karanta baƙin hadari da cikakkiyar fadama, sai aji ya amsa baki ɗaya, "Tsoro, Malam." Daidai ne, nakan ce daidai ne. Amma har yanzu nakan ɗan dakata, ko wani zai ɗaga hannu ya ambaci shinkafa.