Gwadabe Mai Rumbu

Ranar Alhamis ɗin da ta wuce na je kasuwar Maigatari sayen rago, na dawo gida da nono a wando. Ina cikin taya wani ƙaton rago ne, sai ya sunkuyar da kai ya yo kaina. Na ja da baya taku biyu cikin mutunci, na ukun ya sauka a ƙwaryar wata Bafulatana, ni ma na bi shi na zauna daɓas. Kasuwa ta kwashe da dariya. Mutum ɗaya ne ya miƙo hannu ya ɗaga ni bai ko murmusa ba, shi ne Gwadabe na Gagarawa, taubashina, ɗan kawuna. Duk ƙasar Gumel babu wanda ya fi shi sanin faɗuwa a gaban jama'a, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta labarinsa.

Gwadabe manomi ne, kuma ba irin noman da nake yi da baki ba. Tun yana saurayi yake tara gero da gyaɗa fiye da sa'o'insa. Abin da ya sa a gaba guda ɗaya ne: sarautar Sarkin Noma. Mai riƙe da ita ya tsufa, kuma kowa a Gagarawa ya san in ta faɗi, kan Gwadabe za ta sauka. Sai dai Allah ya yi masa wata baiwa da bai roƙa ba, wato fuska. In ya ɗaga gira ɗaya ya saki leɓe, ko a zaman makoki sai wani ya tashi ya fita.

Da daminar 1952 masu majigi suka sauka a Gagarawa Tasha, Bature ɗaya da akawunsa da na'urar ɗaukar hoto mai ƙafa uku. Fim suka zo yi na koya wa manoma sa takin zamani. Tsarin nasu kullum iri ɗaya ne: manomi mai hankali, da manomi rago. Aka tara mu a inuwar tasha, Bature yana bin fuskoki kamar mai zaɓen kankana. Ni ya dube ni ya wuce. Da ya zo kan Gwadabe, wanda ya kawo wake ne kawai ya tsaya kallo, ƙuda ya sauka masa a hanci, ya bi shi da ido. Bature ya tafa hannu. An sami rago.

Mai hankali kuwa Muntaka tela aka ɗauka, saboda yana da farar riga da kwarjini. Muntaka bai taɓa riƙe abin da ya fi almakashi nauyi ba. Da aka zo neman gonar da za a nuna a matsayin tasa, aka zaga gari ba a ga wadda ta kai ta Gwadabe kyau ba. Haka aka tsayar da tela a tsakiyar gyaɗar Gwadabe yana shafa ganye yana gyaɗa kai, shi kuma mai gonar aka kai shi wata saura mai tsidau, aka ce ya kwanta a gindin aduwa awaki su ci shukarsa.

Ya yi, kuma ya yi da kyau. Da kaka suka dawo suka ɗauki ƙarshen. Rago ya hau rumbunsa neman hatsi, ya leƙa bai ga komai ba, ya ƙara leƙawa, ya zurma ciki da ka, ƙafafu suna reto a sama. Sau bakwai aka maimaita, don mai riƙe da na'urar ya kasa daina dariya.

Shekara ta zagayo, motar majigi ta iso Gumel, aka kafa farin ƙyalle a fili. Fim ɗin ba ya magana, akwai mai bayani da yake riƙe da lasifika yana faɗin abin da ake gani. A takardarsa sunan rago Ɗantala. Amma da fuskar ta bayyana sai 'yan Gagarawa suka ɗauki ihu, "Gwadabe ne! Wallahi Gwadabe ne!" Mai bayani ya ga abin ya karɓu, ya ajiye Ɗantala. Daga ranar, a Maigatari, a Sule Tankarkar, a duk ƙauyen da motar ta tsaya, abin da lasifika take faɗa shi ne, "Jama'a, ku dubi Gwadabe na Gagarawa, rana ta take yana barci."

Mutanenmu kuwa sun san tatsuniya, sun san wasan 'yan kama, amma hoto a wurinsu shaida ne. Abin da ido ya gani, ga suna ga gari, ai ya faru. Aka sa masa Mai Rumbu. Matarsa Zuliha ta je biki Sule Tankarkar, wata tsohuwa ta kama hannunta cikin tausayi ta ce, "'Yar nan, yaya mai gidan? An dai samu an ciro shi?" Har wani dattijo ya yi tattaki ya zo wurin Muntaka tela neman shawarar irin gyaɗa, Muntaka kuma bai ji kunya ba, ya ba shi.

A shekarar da ta biyo baya tsohon Sarkin Noma ya rasu. Gwadabe ya jira kira, shiru. Da ya gaji ya je da kansa. Dagaci ya ce, "Gwadabe, na san gonarka, na san hannunka. Amma ranar naɗi baƙi za su zo daga ko'ina. In ina ɗora maka rawani wani ya ce ai Mai Rumbu ne, dariyar a kanka za ta tsaya ko a kaina?"

"Ranka ya daɗe, wasa ne fa."

"Ni na san wasa ne. Je ka gaya wa mutanen Maigatari."

Aka bar sarautar a ajiye.

Ana haka masu majigi suka dawo, a 1955, takanas saboda shi. Akawun ya ce Bature ya zaga lardi uku bai ga fuska irin tasa ba. Suna so su tafi da shi Kaduna, ya yi rago a fim ɗin rijiya, da na allurar shanu, da na yaƙi da jahilci, ƙasar Arewa duka ta san shi. Ni a lokacin na ce masa ya tafi, in ya so ya ɗauke ni mai riƙe masa buta. Gwadabe ya ce zai yi, da sharaɗi ɗaya: a ba shi mai hankali, kuma a faɗi sunansa a lasifika kamar yadda aka faɗa wancan karon. Lissafinsa shi ne majigin da ya ɓata shi, shi zai wanke shi, rawani ya biyo baya.

Suka yarda su gwada, a nan Gagarawa. To, mai hankali ba ya ɗaga gira. Gwadabe ya sa riga ya tsaya ƙiƙam kamar turken doki. Sannan ga gardama. Bature ya ce ya duƙa da hauya, don haka ta fi kyau a hoto. Gwadabe ya ce a wannan rairayin namu da ashasha mai doguwar ƙota ake noma, a tsaye, mai duƙawa baƙo ne. Bature ya ce a matso da shuka kusa da juna don ta cika hoto, Gwadabe ya ce ba da hannunsa ba, ba zai koya wa mutane asara ba. Kwana tara ana abu ɗaya.

Da aka nuna fim ɗin a Gumel, jama'a suka cika fili don sun ji akwai Mai Rumbu. Suka zauna suna jira. Ya yi shuka, ya sa taki, ya yi girbi, ya hau rumbu. Fili ya yi tsit. Ya leƙa, ya ɗebo hatsi, ya sauko lafiya. Wani daga baya ya ce, "Kai, faɗa mana!" Mutane suka watse suna cewa an cuce su. Wasu ma suka ce ga alama tela ne ya koya masa noma.

Masu majigi ba su sake aikowa ba. Na ji sun sami wani rago a wajen Zariya. Sarautar kuma da kakar shekarar aka naɗa wani Ishaƙ, manomi ne ba laifi, bai kuma taɓa faɗawa cikin komai ba. Gwadabe bai je Kaduna ba, bai sa rawani ba. Yana nan yana noma. Rumbunansa yanzu shida ne, kuma tun daga wancan lokaci ya sa an huda wa kowanne ƙofa a gefe, ba ya hawa.

Shi ne ranar Alhamis, bayan na lallashi Bafulatana, muka koma gefe ina matse wando. Na ga ya kamata in rage wa kaina kunya, na ce, "Taubashi, yau na ɗanɗana sana'arka. Da ka bi Bature, da yanzu har Ikko an san ƙafafunka."

Ya dubi wandon, ya dube ni, ya ɗaga girar nan guda ɗaya wadda rabona da ganinta shekara bakwai.

Ya ce, "Ya'u, ni sai da Bature ya taso daga Kaduna ya roƙe ni kafin na faɗi. Kai wa ya roƙe ka?"