Baba Dillali da Ruwan Baure

Sana'ata ɗinki ce. Shagona yana cikin gari, ba nisa da rijiyar Kusugu, kuma ta kan keken ɗinki na shiga harkar wasan kwaikwayo. Wani malamin sakandare mai jagorantar wata 'yar ƙungiyar dirama ya kawo mini yadi shuɗi mai kauri in ɗinka musu labule. Da na gama sai na bi shi inda suke gwaji don in rataya da hannuna. Malamin, wanda kowa ke ce wa Darakta, ya ce tunda na iya jan igiyar, in tsaya in ja musu na ranar. Daga nan na zauna.

A hankali aikin ya yi ta ƙaruwa, har duk abin da ba magana ba ne a kan dandali ya dawo wuyana. Ni ne farkon zuwa. Nakan tuɓe takalmi in taka dandalin daga wannan gefe zuwa wancan, domin tafin ƙafa yana riga ido gano ƙusa ko katako mai rawa. Kayan wasa, buta da ƙwarya da sanda da tsohuwar rediyo, ina jera su a kan tabarma a bayan labule, kowanne da mazauninsa da ba ya canzawa, don ɗan wasa ya miƙa hannu ya ɗauka ko da hankalinsa na wani wuri. Da alli nake zana wa kowa inda zai tsaya. Allura da zare ba sa barin aljihuna. Wasanmu tsakanin la'asar da magariba muke yinsa, ni ne kuma mai duban inuwa a bango in san ko za mu kai ƙarshe kafin a kira salla. Duk wanda ya zo koyon aikin nan a wurina, abin da nake fara gaya masa shi ne kada ya yi gudu a bayan labule. In 'yan wasa suka ga kana gudu gabansu zai faɗi, kuma da faɗuwar gaban za su fita gaban jama'a.

Abin da ya fi riƙe ni shi ne wurin tsayuwata. Daga gefen labule bayan 'yan wasa kake gani, da gumin da ke jiƙa musu riga, can gaba kuma fuskokin jama'a cikin hasken yamma da ke shigowa ta taga, shiru, kamar masu barci ido biyu. Mutumin da na ɗinke wa yagaggen wando yanzu-yanzu sai ya ɗan taka gaba ya zama attajiri, ni kuma in yarda. Wani lokaci nakan rasa ko a farke nake, sai igiyar da ke hannuna ta tuna mini.

Dattijon ƙungiyarmu dillalin shanu ne a kara, wato kasuwar dabbobi. Baba muke ce masa. Dogo ne siriri, da murya irin ta wanda ya saba magana a tsakiyar kukan dabbobi. Yakan zo gwaji da warin garke a rigarsa, ya zauna a kan buhu yana tauna goro har lokacinsa ya yi. A daminar da nake ba da labari muna shirya wani wasa da Darakta ya rubuta, na mutumin da ya tafi kudu neman arziki yana saurayi, bai dawo ba sai da furfura, ya tarar iyayensa sun rasu, ƙanwarsa ce kawai ta rage a gidan. Baba ne mai dawowar. Ƙanwar kuma wata malamar firamare ce mai sanyin hali, muna kiranta Malama.

Tun farkon gwaji abu ya ƙi daidaituwa. Baba sai ya makara wajen shiga, ko ya ba da amsa Malama ba ta rufe baki ba. Wata rana ina tsaye dab da shi na raɗa masa, "Baba, shiga." Bai motsa ba. Idonsa na kan bakin Malama kamar mai jiran fitowar wata.

Bayan an tashi Darakta ya ja ni gefe. "Tela, girma ya kama Baba. Ina jin kunyar gaya masa, amma sai mun ba wani matsayinsa."

Na ce, "Malam, ka bar mini shi zuwa gwaji na gaba."

Ranar kasuwa na rufe shago na hau acaɓa zuwa kara. Na same shi ya dafa tozon wani farin sa, yana tsakanin mai saye da mai sayarwa. Da ya hango ni ya yi dariya.

"Tela, me ya kawo ka cikin kashin shanu da fararen kaya?"

Na jira har aka sallama, sannan muka koma gindin wata darbejiya. Na zauna ina fuskantarsa sosai, na nuna kunnena.

"Baba, nan ne?"

Ya mai da ido kan shanun, ya ce, "Tun bara. Ina jin ana magana, amma kamar daga ƙasan rijiya take tasowa. A nan ina duban ido da hannu, ciniki na tafiya. Can kuwa da yarinyar nan ta juya mini baya, shi ke nan, na ɓace. Kada ka gaya wa Malam. Zan ce masa ƙafa ke damuna, in bari cikin mutunci."

"Baba, ka yi haƙuri, sai na gaya masa, in gaya wa sauran ma, don kowa zai sa hannu. In abin bai yiwu ba, ni da kaina zan ce ƙafa ce."

Ya ɓara goro ya miƙo mini rabi.

Abin da na tsara ba wani abu ne mai wuya ba. In lokacin shigarsa ya yi, zan dafa bayansa. Na goge zanen allin gaba ɗaya na sake shi yadda ba wanda zai yi masa magana da ƙeya. Sannan kowa ya zaɓi ɗan motsin da zai yi in ya kai ƙarshen maganarsa. Malama takan aje ludayi cikin ƙwarya ko ta gyara mayafi. Mai fitowa a maƙwabci yakan taɓa hularsa. Da farko abin ya zama na dariya, maƙwabci yana dukan hular kamar mai kashe kunama. Na yi ta ce musu su rage, ya zama motsin da mutum kan yi bai sani ba. Da tafiya ta yi tafiya sai sauran ma suka shiga bin alamomin juna, ko Baba ba ya kan dandali. Wasan ya rage sauri. Kowa ya koma kallon ɗan'uwansa, ya daina jiran nasa layin kawai. Darakta ya tsaya a baya wata rana ya naɗe hannu, bai katse mu ba har ƙarshe.

Aka gayyace mu Baure, mu yi wasan a babban ɗakin taro na wata makaranta. Muka ɗauki motar haya da hantsi, kaya a bisa, labulen a cinyata. Gero ya kai ƙugu hagu da dama, kore shar, iska na kaɗa shi har mutum ya ji barci. Da muka isa na taka dandalin kamar kullum, na ɗaga kai na ga rufin kwano ne zalla, babu silin. Na leƙa gabas. Akwai hadari, amma can nesa, kwance kamar ba shi da niyyar tashi. Duk da haka na sa aka shigar da janareto ƙarƙashin rumfa, aka ɗaga waya daga ƙasa. Mai aiki irin nawa dole ya riƙa duban sama yadda yake duban dandali.

Bayan la'asar ɗakin ya cika, maza gefe, mata gefe, yara a ƙasa a gaba. Na ja labule. Kashin farko ya tafi lafiya, ana dariya inda ya kamata a yi. Sai iska ta fara buga tagogi, ƙamshin ƙasa ya shigo, hasken ɗakin ya koma kore-kore kamar muna ƙarƙashin tafki. Kafin a ce me, ruwa ya sauko.

Ban taɓa jin ƙara irin ta kwanon nan ba. Lasifika ta zama banza. Na ga feshi ya fara kaiwa ga wayar, na yi alama aka kashe janareto, fitilu suka ɗauke. Malama na durƙushe a tsakiyar dandali tana dama fura, bakinta na motsi, ba abin da ke fita. Darakta ya zo ya sa baki a kunnena.

"Tela, rufe labule! Ba mai jin komai!"

Na kama igiyar. A ƙa'idarmu, da an fara wasa, tsayar da shi hukuncina ne. Na dubi jama'a, ba wanda ya tashi, ba ma inda za su. Na dubi Baba. Yana tsaye gefena da tsohuwar jakar tafiya a kafaɗa, bai ko kalli rufin ba, idonsa na kan hannun Malama. A daidai nan ta aje ludayin cikin ƙwarya. Na saki igiyar na dafa bayansa, ya shiga.

Ya tsaya a bakin ƙofar da muka yi da zana, ya yi sallamar da ba wanda ya ji. Malama ta ɗago ta dube shi kallon baƙo, ta ce abin da za ta ce, ta gyara mayafi. Ya amsa. Maƙwabci ya leƙo, ya yi tasa, ya taɓa hula. Haka suka yi ta miƙa wa juna maganar da ba a ji, ba wanda ya riga wani. Wani wuri a rufin ya fara yoyo a tsakiyar dandali. Malama ta jawo tasa ta tara, kamar dai a ɗakinta ne, ta ci gaba. Ta kawo wa baƙon ruwa. Ya karɓa da hannu biyu, bai sha ba, yana bin bangon gidan da kallo a hankali, daga rumbu zuwa murhu zuwa ƙofar ɗakin da uwarsa take kwana, alhali babu komai a wurin sai zana da shuɗin yadi. Na rantse a lokacin na ga gidan, har da hayaƙi.

A rubutun wasan, a nan ne yake kiranta da sunan da yake tsokanarta da shi suna yara. Na ga leɓɓansa sun motsa. Malama ta tsaya cak, ƙwaryar furar da ta ɗauko ta suɓuce mata, fura ta malale a kan katako, abin da ba mu taɓa gwadawa ba. Wata tsohuwa a layin gaba ta rufe fuska da gefen zanenta. Yaran da ke ƙasa ko motsi ba sa yi. Darakta na nan kusa da ni, ya manta hannunsa a kafaɗata.

Ruwan bai tsagaita ba har muka kai ƙarshe. Da na rufe labule na leƙa ta tsaga, na ga hannuwa suna tafi ko'ina cikin duhu-duhun ɗakin, ban ji ko ɗaya ba.

Sai gab da magariba aka ɗauke. Muka yi salla a barandar makarantar, muka kama hanya, kwaɗi na ta kuka a kududdufai. Baba na zaune kusa da ni, ya daki gwiwata.

"Tela, yau yaran nan sun yi ƙoƙari. Ba wanda ya bar ni a tsaye."

Na juyo masa da fuskata sosai. "Baba, ai yau ba wanda ya ji wani. Ruwa ya rufe komai."

Bai gane ba sai da Malama ta leƙo daga kujerar baya ta nuna masa sama, ta toshe kunnuwanta biyu, ta nuna mu duka. Sai ya kama dariya har yana share hawaye da hannun riga.

"Ashe yau kun kawo mini ziyara," in ji shi. "To ya kuka ga garin namu?"

Mun yi wasan a wurare da dama har kaka ta yi, shi ne kuma mai dawowar a kowanne. Bayan an gama girbi ya je da kansa ya gaya wa Darakta ya gaji, kuma bai ambaci ƙafa ba. Daga baya ɗansa ya kai shi asibiti a Kano, aka ba shi 'yar na'urar da ake maƙalawa a kunne. Ya ce tana yi masa fito, ba ya sa ta sai ranar Juma'a don huɗuba, ko in jikokinsa sun zo. Har yanzu yana zuwa kara, amma zaune yake wuni a inuwa, ana kawo masa dabba ya duba haƙoranta ya faɗi ra'ayinsa.