Pencho a Gaban Waliyyi Anton

Yau bakina ya ƙi rufuwa, dole in ba ku labarin ƙanena. Fulgencio ne sunansa, amma duk garin nan Pencho ake ce masa. Ni na raine shi bayan rasuwar mamarmu. Tun yana yaro yake da i'ina, shi ya sa bai taɓa musu da kowa ba. Ko a layin biredi ka shige gabansa, matsa maka zai yi.

Gashinsa a kantin dabbobi na Don Anselmo ya yi fari, wajen wanke keji da ba wa 'yan kwikwiyo da kyanwoyi abinci. In an kawo sababbi suna kukan uwa, rigar jikinsa yake tuɓewa ya shimfiɗa musu, ya dawo gida da singileti.

Sai doka ta zo ta hana sayar da kare da kyanwa a kanti. Kafin wa'adi ya cika duk an saye su, ban da wata 'yar karya mai ido ɗaya. Aka mai da ita ɗakin ajiya, tsakanin buhunan abinci, har ta girma a can. Da Don Anselmo ya gaji sai ya kira Ginés, mai kiwon da ya kawo ta, ya zo ya ɗauki abarsa. Kowa ya san abin da Ginés ke yi da kare marar kasuwa. Akwai tsohuwar rijiya a bayan gonarsa. Pencho ya roƙi Ginés ya bar masa ita, shi kuwa ya ce ba ya kyautar da jinin karnukansa.

Ranar da zai zo ta faɗo a bikin Waliyyi Anton, da ake kai dabbobi coci a yayyafa musu ruwan albarka. Ina layi da kanarina a keji sai ga Pencho da karyar a igiya, yana gumi cikin wannan sanyi.

Na ce, "Kai, sato ta ka yi?"

Ya ce, "Ya-yaya, shan iska na fito da ita."

Layi ya ƙi tafiya. Wannan da jaki, waccan da zomo. Muna dab da matakala sai motar Ginés ta tsaya a bakin fili. Ya ratso mutane ya fizge igiyar.

"Mai kwasar kashi, yaushe ka yi dukiya?"

Na ce, "Sake ta, tsohon banza!"

Ya ce, "Casilda, kula da tsuntsunki. Takardunta da sunana suke."

Gaskiyarsa ce kuma. Karyar ta lafe a ƙasa, yana jan ta kamar buhu. Pencho ya buɗe baki, maganar ta maƙale. Sai kawai ya riƙe igiyar ta tsakiya, ya ja su dukansu, har Ginés, zuwa gaban mutum-mutumin waliyyi.

A garinmu duk wanda ke riƙe da igiya a wurin nan sai ya dafa ƙafar waliyyi ya ce zai ciyar da dabbar har ta mutu don kanta. Fada, limamin cocin, ya ɗaga abin yayyafinsa ya dube su.

"Hannu biyu nake gani. Wa zai dafa?"

Ginés maharbi ne, ba ya fita daji sai da hoton waliyyin nan a aljihu. Wata tsohuwa mai kyanwa ta ce, "Dafa mana, Ginés, ba taka ba ce?" Ya kalli ƙafar, ya kalli karyar. Wuyansa ya yi ja.

Ya saki igiyar. Ya ce, "Je ka da ita, ido ɗaya ma. Ka zo Litinin a sauya takarda."

Pencho ya dafa. Kalma ta farko ta wahalar da shi, ya yi ta kokawa da ita, babu wanda ya yi dariya, har ya kai ƙarshe. Fada ya jiƙa su sharkaf.

Ni kuwa ihun da na yi sai da jakin nan ya firgita. Na sumbaci Fada, na sumbaci tsohuwar, na manta kanarina a matakala, sai da aka biyo ni da shi. Yanzu haka karyar tana kwance kan kujerata mai kyau tana cin gefen matashi, kuma ban ce mata komai ba.