Uban Reza

Kafin a fara ce masa uban Reza, Injiniya ake ce masa, kuma wannan sunan ya fi masa daɗi nesa ba kusa ba. Bai taɓa shiga aji don koyon aikin ba. Tun yana saurayi ya zauna gaban wani tsoho mai gyaran rediyo, ya koyi narka dalma da bin waya, har ya buɗe nasa shagon a layin bayan kasuwa, ɗan ɗaki mai taga ɗaya da tebur da ya sha ƙuna. Zamanin da rediyo ke da daraja, layi ake yi a ƙofarsa. Yanzu kowa ya koma wayar hannu, sai tsofaffi da masu gadi ke kawo masa aiki. Bai yi arziki ba, bai kuma kwana da yunwa ba. Ya aurar da 'ya'yansa mata, ya tsaya wa babban ɗansa har ya gama karatu, to karatun nan shi ya jawo masa.

Ɗan ya zama mai sharhin ƙwallo a gidan rediyo, bakinsa ba ya raga wa kowa, shi ya sa masu sauraro suka laƙaba masa Reza. Ga shi aikin Injiniya ba ya kammala sai ya kunna rediyon da ya gyara ya ji ta kama tasha, tashar da ta fi fita tangaram a layin kuwa ta ɗansa ce. Sai mutum ya zo karɓar kayansa da fara'a, ana murɗawa muryar Reza ta fito tana cewa golan ƙungiyarsu da rariya duk ɗaya. Nan take mai rediyo ya haɗe rai.

"Injiniya, wai ba ka yi wa yaron nan faɗa ne?"

"Ni rediyo nake gyarawa," haka yake cewa kullum, "ba abin da ke fitowa daga cikinta ba."

Ranar da ya fi tsana a duniya ita ce ranar da kocin ƙasa zai bayyana 'yan wasan da ya gayyata. Reza zai bi su ɗaya bayan ɗaya, wannan ya tsufa, wancan tumbi ya ajiye, wane da hanya ya shiga. Masu jin haushi ba su iya wuce masu gadin gidan rediyo, amma kowa ya san shagon uban. Sai su cika masa ƙofa, mahauta da masu babur da 'yan dako, kowa da jijiyar wuya a tashe, suna tare masa hasken da yake aiki da shi. Abin takaicin, shi bawan Allah ko bambancin bugun fanareti da bugun kwana bai sani ba. Ya ba da haƙuri a kan 'yan wasan da bai taɓa ganin fuskarsu ba har bakinsa ya gaji, wallahi ya gaji.

Abin da ke riƙe shi a layin mutum ɗaya ne, Tela, wanda bango ɗaya ya raba shagunansu. Tare suka yi samartaka, tare suke cin abincin rana a kwano ɗaya, suna tsokanar juna kan wa zai riga wani zubar da haƙora. Da idon Tela ya fara rauni, sai ya zama kowace safiya ya ƙwanƙwasa bango da gindin almakashi.

"Injiniyan bogi! Zo ka yi abin da ka iya."

Injiniya zai saka tabaransa mai kauri, ya zagaya, ya zura masa zare a allurar keke, ya ce, "Makaho da ɗinki, Allah ya jiƙan mai wannan riga." In zaren ya tsinke da rana, a sake buga bango. Shekaru suna haka, ba wanda ya taɓa kiran abin taimako.

Sai aka gayyaci Auta, ɗan Tela na ƙarshe, cikin tawagar ƙasa.

Kai, layin bai taɓa ganin irin wannan rana ba. Masu babur suka yi ta oda, matan kasuwa suka zo yi wa Tela barka, mutanen da suka sha korar Auta daga ƙofar shagonsu saboda ƙwallonsa na fasa musu kaya duk suka zama su suka gano shi. Tela sai dariya yake yana share ido da ƙyallen yadi. Da yamma ya ɗauko tsohuwar rediyonsa da ta daɗe tana shaƙewa, ya dire ta a teburin abokinsa.

"Ka gyara min ita da kyau. Allon gidan kallo ba na ganin komai sai inuwa. Da kunne zan kalli ɗana."

Washegari da hantsi Injiniya ya canza mata lasifika, ya liƙe wayar eriya, Tela na tsaye a kansa yana yi masa shisshigi. Ya saka batir, ya murɗa. Muryar Reza ta cika shagon.

"Yaron nan na san shi tun yana rarrafe, ba kuma zan yi muku ƙarya ba. Yana da gudu, amma gudu ba shi ne ƙwallo ba. In ya isa gaban raga kansa kullewa yake yi. An yi gaggawar kiransa, bai isa ba tukuna."

Injiniya ya kai hannu ya kashe, amma magana ta riga ta fita, daga rediyon Tela, a hannunsa shi. Tela ya gyara zaman hularsa.

"Ta gyaru kam," ya ce. Ya fita bai ɗauke ta ba.

Abin da samari suka yi a kwanakin nan bai dami Injiniya sosai ba. Sun jefi kwanon shagon da duwatsu, sun rubuta masa baƙar magana da gawayi a ƙofa, mai nama ya ce gidansu gidan hassada ne. Duk ya saba. Abin da ya hana shi sakat shi ne bangon da ya yi shiru. Yana jin keken Tela ya tsaya, ya san zare ne ya tsinke, ya kai hannu ga tabarau, sai ya ji Tela na roƙon wani mai wucewa. Da rana matarsa ta aiko da abinci yadda ta saba, na mutum biyu, ya ci loma kaɗan ya rufe.

Ya aika a kira masa ɗansa gida. Reza ya zo da yamma, ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe shi, ladabi kamar ba shi ne mai bakin nan ba.

"Kai, Tela ba shi ya ɗinka maka rigar makaranta ba?"

"Shi ne, Baba."

"To me ya yi maka?"

"Ba abin da ya yi min. Baba, in na yabi Auta alhali bai kai ba, gobe cewa za a yi don ƙanena ne. Kuma gaskiya na faɗa. In suka jefa shi yanzu ya kasa, mutanen nan da ke ɗaga shi su za su fara jifansa."

"Gaskiyarka ta yi maka amfani. Ni shekara nawa ina shan zagi a kanka, na taɓa ce maka kanzil?"

"A'a, Baba."

"To yau zan roƙe ka abu ɗaya. Kada sunan yaron nan ya sake fita daga bakinka. Da alheri ko da sharri, ka bar shi."

"Baba, aikina ne fa."

"Ni kuma ubanka ne."

Reza ya sunkuyar da kai. Uwarsa na bakin ƙofa riƙe da tire. Daga ƙarshe ya ce, "Shi ke nan, Baba. Na bari." Injiniya ya yi ajiyar zuciya, a ransa ya ɗauka ya kashe wutar.

Ranar wasa, tun bayan azahar layin ya watse, kowa ya tafi gidan kallo. Shaguna biyu kawai suka rage a buɗe. Injiniya ya goge rediyon Tela da tsumma, ya saka mata sabon batir, ya rungume ta ya zagaya. Tela na zaune gaban keke ba ya ɗinki. Bai yi masa maraba ba, bai kuma kore shi ba, sai ya tura masa kujera da ƙafa. Injiniya ya zauna a hankali, zuciyarsa ta ɗan yi sanyi.

Aka karanto waɗanda za su fara, babu Auta. "Sai an dawo hutu," Tela ya faɗa wa rediyon. "Haka suke yi wa sababbi." Aka tafi hutun rabin lokaci, aka dawo. Duk sanda mai gabatarwa ya ce za a yi canji, Tela sai ya matso da kunnensa har ya kusa taɓa lasifika, ya riƙe numfashi, a kira wani suna daban. Aka zura wa ƙasar ƙwallo, ihun takaici ya taso daga gidan kallo har nan. Aka yi canjin ƙarshe, wani ne ya shiga. Alƙali ya hura tashi, tun daga farko har ƙarshe ba a ambaci Auta ko sau ɗaya ba.

Sai kiɗan shirin Reza ya fara. Injiniya ya yi wuf zai kashe, Tela ya cafke masa wuyan hannu.

"Bar shi."

"Haba mutumina, me za ka ji a nan?"

"Na ce ka bar shi. Ɗanka ba ya tsallake kowa, har na benci bi yake yi. Duk ƙasar nan shi kaɗai ya kalli yarona da idon basira. Ko zagi ne ya yi, a dai ce ya je. Uwar Auta na gida ta kunna tata rediyon."



Reza ya fara da gola, ya bi 'yan baya, ya yi wa koci wankin babban bargo. Ya koma kan benci, ya ce wane da an sa shi da an ga bambanci, wane kuwa yawon buɗe ido ya je. Ya bi su kaf, ya tsallake mutum ɗaya. Aka buɗe layin waya, wani ya bugo yana haki, ya ce ina labarin yaron nan ɗan tela da aka kai aka ajiye? Rediyon ta yi ɗan shiru, irin shirun da Injiniya ya san ba na lalacewa ba ne.

"Mun gode," in ji Reza. "Mu ji mai kira na gaba."

Tela ya saki hannun abokinsa a hankali. Ya jingina da bango, fuskarsa ta zube, tsufansa duk ya fito.

"Ashe bai ma kai a zage shi ba," ya ce.

Injiniya ya ji ba zai iya barinsa da wannan ba. "Ba haka ba ne. Ni na hana shi. Na ce kada ya sake kama sunan Auta. Don kai na yi, wallahi don kai."

Tela ya juyo da raunanan idanunsa ya dube shi, ya daɗe yana dubansa.

"Wa ya aike ka?" Muryarsa ko tashi ba ta yi ba. "Ɗanka ya ce yarona bai isa ba. Na ji zafi, amma kallonsa ya yi kafin ya faɗa. Ina zaune ina jiran ranar da zai ce ya isa, da bakin nan nasa da ba ya ƙarya. Kai kuma ka je ka ce a share shi."

Ya kashe rediyon da kansa, ya tura ta ƙarƙashin tebur cikin ƙyallaye, ya tashi ya fara rufe taga. Injiniya ya ɗan tsaya ko za a ƙara ce masa wani abu. Ba a ce ba, ya fita.

Da safe ya riga kowa zuwa layin. Ya buɗe shago, ya share ƙofa har da ta maƙwabcinsa, ya zauna da tabarau a hannu. Ya ji Tela ya iso, ya ji ƙarar buɗe kwaɗon ƙofa, ya ji an ja kujera, ya ji an ɗauki almakashi an ajiye. Ya kasa kunne ga bango. Can sai keken ya tashi, tiryan-tiryan, ba gargada, wani ya riga ya zura zaren.

Wani mai gadi ya leƙo da rediyo a hammata. "Uban Reza, an tashi lafiya? Ka ji abin da ɗanka ya yi wa koci jiya?"

"Ajiye ta nan," in ji Injiniya. Ya mayar da tabaran aljihu.