Tabon Turare a Ƙirjin Riga

In dai ina numfashi, akwai wata ranar Laraba da ba za ta fita daga raina ba. Lokacin ina aiki a gidan adana kayan tarihi na wata jami'a a yankin Washington, a sashen kula da tufafi. Ɗakinmu a ƙarƙashin ƙasa yake, ba taga, kullum sanyinsa ɗaya, ko ana zafi a waje ko ƙanƙara na zuba. Sai ka wuni a ciki ba ka san rana ta yi ba. Nakan jawo aljihun tebur in ga zanen da masaƙinsa ya daɗe da komawa ga Allah, in tsaya ina kallo har in manta abin da ya kawo ni.

Wata rana aka kawo mana babbar riga, kyauta daga iyalan wani dattijo likita da ya rasu a Springfield. 'Ya'yansa haihuwar nan ne, ba mai sa irinta a cikinsu. Saƙi ce, an yi mata aikin aska takwas da zaren tsamiya. Ina ɗaga murfin kwalin ƙamshi ya buge ni, sai ga ni a Zariya da safiyar Juma'a, ina 'yar shekara bakwai a bakin ƙofar turakar mahaifina, yana saɓa hannun riga yana tambaya ina aka kai masa hula. Na jima a tsaye kafin na dawo Amurka.

Da na shimfiɗa ta sai na ga tabo a ƙirji, ɓangaren hagu, ya yi duhu ya yi maiƙo. Turare ne, na sani. Shugabarmu, wata Baturiya mai haƙuri, ta ce in bar shi tukuna har mu ji daga bakin iyalan. Ni kuwa na kafe. Na kawo mata hujjar aiki, cewa mai yana jawo ƙura yana cin zare, kuma gaskiya ne. Amma abin da ke raina daban. Ni kaɗai ce Bahaushiya a ginin nan, kuma kunya nake ji a rataye rigar dattijonmu da tabo, Turawa su zo suna leƙe su ce haka muke. A gidanmu ko da almuru aka ga ɗigo a rigar Baba, sai an wanke kafin gari ya waye. A lokacin gani nake na fi kowa sanin rigar nan. Kwana tara na yi da auduga a tsinke da sinadari, ina ɗagowa kaɗan-kaɗan, har wurin ya yi fes. Har hoto na ɗauka don jin daɗi.

Ranar Larabar sai ga matar marigayin, 'yarta ta kawo ta ta ga rigar kafin a sa ta a gilashi. Tsohuwa ce siririya, tana dogara sanda. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata gaisuwar rashi, ta ce, "Ashe 'yar gida ce. To, na ji sanyi."

Ta matso bakin tebur. Ba ta kalli aikin allurar da kowa ke yabo ba. Kai tsaye ta sunkuya kan ƙirjin hagu ta ja numfashi, ta sake ja. Sannan ta ɗago a hankali.

"An wanke," ta ce.

Na ce, "Eh, Mama, akwai ɗan tabo ne."

"Ni na yi shi." Murmushi take yi. "Da ɓarin jikinsa ya shanye, hannun ba ya ɗaguwa. Shekara goma sha ɗaya, duk Juma'a ni nake sa masa rigar, in dangwala turare da babban yatsana, nan dai, wuri ɗaya. Yakan ce, ke Hajiya za ki huda rigar nan." Sannan ta ƙara, "Ba komai, 'yata. Kin yi aiki da kyau. Allah ya yi miki albarka."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. 'Yar tata ta riƙe mata kafaɗa tana cewa da Turanci su tafi, kada ta gaji.

Can na tuna shafin ciki. Rigar tana da shafi, kuma ban taɓa shi ba, don ba wanda zai gani. Na juya wuyan rigar. Turaren ya ratsa har can, ga shi baƙi, zagayayye, daidai faɗin yatsa. Doka ce a wurinmu ba a taɓa kaya sai da safar hannu. Na dubi shugabata, ta kau da kai ta kama duba wata takarda.

Tsohuwar ta ɗora yatsanta a wurin, ya zauna cif. Ta kai fuskarta ta rufe ido. Ban san minti nawa ta yi ba. Leɓenta na motsi, ban ji ko addu'a take yi ko hira ba, mu dai muka jira har ta gama.

Tabon ƙirjin ya tafi, ba sinadarin da zai dawo da shi, kuma har yau in na tuna sai zuciyata ta sosu. Na ciki yana nan, na rubuta a katin rigar cewa kada kowa ya kuskura ya goge shi. Tun daga ranar na koyi cewa ba duk tabo ne datti ba. Kafin in kai auduga kan kowane zane, sai na fara neman wanda zan tambaya: hannun wa ya bar wannan?